Perspective API: ya iya Faransanci, bai san Hausa ba

Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi masu son yin kundin digiri kan gano kalaman ƙiyayya a intanet kan fara da Perspective API, manhajar intanet mai awon zagi a rubutu, wanda Jigsaw, reshen Google, ya fitar a 2017. Kyauta ne. Kafin Google ya sanar da shirin rufe shi bayan 2026, akan buɗe aiki a Google Cloud, dandalin Google na masu haɗa manhaja, a cika takardar neman izini, a karɓi mabuɗin shiga. Kana tura masa saƙo zai mayar da maki daga 0 zuwa 1 a kan zagi, barazana, ko cin mutuncin ƙabila da addini. Makin nan hasashe ne na yadda mai karatu zai ji saƙon a matsayin cin zarafi, ba awon tsananinsa ba ne, kuma ɗalibai da yawa a nan suke ɓata sakamakonsu. Da farko saƙo ɗaya yake karɓa a daƙiƙa, don haka saƙo dubu goma zai ci kusan awa uku.

A Faransanci yana aiki daidai gwargwado. Hausa kuwa babu ita a harsunan da yake karɓa, kuskure kawai zai mayar maka.

Dabarar da ake yi ita ce a fassara saƙon da inji zuwa Faransanci sannan a tura. Ba mu ba da shawarar haka ba. Matasanmu suna rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, "ch" a gurbin "sh", "ou" a gurbin "u", suna cakuɗa harsunan biyu a jimla guda, sai injin fassara ya rikice tun kafin a kai ga awo. Habaici yakan wuce da ƙaramin maki, domin babu ashar a cikinsa. Wasan taubashi kuma, irin na Bafulatani da Babarbare, wanda UNESCO ta amince da shi a 2014 cikin al'adun Nijar, idan aka raba shi da masu yinsa sai ya fito kamar harin ƙabila. Ga kuma saƙon murya na WhatsApp, inda rigima ta fi yawa a nan, Perspective kuwa rubutu kaɗai yake karantawa.

Mai aiki kan Hausa gara ya ɗauko AfriHate, tarin saƙonnin Twitter na harsunan Afirka 15 da aka fitar a 2025, wanda masu harshen suka ware gida uku: ƙiyayya, zagi, da wanda ba laifi. Ya horar da AfroXLMR, manhajar AI mai karanta harsunan Afirka, da shi, amma ya haɗa da saƙonnin Maraɗi, ya sa mutum uku su tantance kowanne.