Zoben daimon mai siffar ƙwai da na siyo a Deira, da abin da hasken rana ya nuna min

Kusan wata biyu kenan ina son rubuta wannan abin, duk sanda na fara sai raina ya sake ɓaci in ajiye wayar. Yau dai na ce sai na fitar da shi ko na samu sa'ida.

Ni a Sharja nake aiki, shekara shida kenan, auren kuma a Kano za a yi. A watan Agustan 2025 da budurwar Ronaldo, Georgina, ta saka hoton hannunta a Instagram da wannan ƙaton zoben mai siffar ƙwai, kafin gari ya waye mutuniyar ta turo min hoton har sau biyu, ba ta ce komai ba sai alamar dariya. To ai mun san irin wannan dariyar. Ni dai na san zoben baiko ba al'adarmu ba ce, mu goro ne da alewa da kuɗin gaisuwa, sai lefe ya biyo baya, kuma Hajiyarmu ta faɗa min hakan ƙarara a waya. Amma yarinya tana so, ni kuma ga ni kusa da kasuwar gwal ta Deira da ke Dubai, sai na ga ba wani abin wahala ba ne.

Shagon ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda ke zuwa sari ma sun san layin. Mai shagon ya iya Hausa guda huɗu ko biyar, Alhaji zo ka gani, akwai sauƙi, irin waɗannan dai. Na nuna masa hoton ya yi dariya ya ce wannan sai dai in sayar da gidan gado, amma karat 3 zai cika mata yatsa. Ya fito da duwatsu biyu ya ɗora a kan farar takarda. Ɗaya na ƙasa wanda aka haƙo, karat 3.01, kala G (makin farinsa, F ya fi G), VS2 (makin tsaftar cikinsa, VS1 ya fi VS2), da takardar GIA, masu gwada daimon su ba shi maki, dirhami 118,000 dutsen kaɗai. Ɗaya na lab wanda aka haɗa a inji, karat 3.05, kala F, VS1, da takardar IGI, su ma masu gwada daimon ne, shi da zoben gwal ɗin gaba ɗaya dirhami 9,500 bayan mun yi ciniki. A lissafin canjin lokacin wancan ya kai wajen naira miliyan 48, wannan kuma bai cika miliyan 4 ba. Na kalli wannan na kalli wancan, na karɓi ɗan madubin nan da suke karawa a ido na sake kallo, wallahi ban ga bambanci ba, in ma akwai to na lab ɗin ya fi fari.

Kuma gaskiya a wannan ɓangaren bai yi min ƙarya ba. Na lab daimon ne na gaske, ba gilas ba ne ba kuma moissanite ɗin nan mai kama da daimon da ake cusa wa mutane ba. Sinadarinsu ɗaya, taurinsu ɗaya, wancan a ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana haɗuwa, wannan kuma cikin 'yan makonni ake girmar da shi a inji, yawanci a Surat ta Indiya ko a China. Ɗan abin gwajin nan mai kama da biro da suke dangwalawa a jikin dutse ya yi ƙara, duka biyun ya yi musu ƙara iri ɗaya. Sai da ya juya min gefen dutsen na ga lambar takardar da aka rubuta da leza, nan ne kawai shaidar da ni zan iya gani. Har yake ba ni labari cewa Modi, firaministan Indiya, ma da ya je Amurka a 2023 na lab mai karat 7.5 ya ba matar Biden kyauta, na duba a waya a tsaye a wurin na ga haka ne. Na ce to ni wane ne. Na biya na fito ina jin kaina wani gwanin ciniki, har na kira abokina na ce masa na tsallake asarar miliyan 44.

Inda na yi sakaci shi ne ban fita da dutsen waje ba. Ƙarfe tara na dare na saya, a ƙarƙashin fitilun nan nasu ƙanana da suka fi guda hamsin a silin, kowacce tana haskowa ta wani ɓangare daban. A wurin ko murfin kwalba ka ajiye sai ya yi walƙiya. Ya rufe akwatin ya ɗaure da zare, ni kuma don kar in ɓata ƙullin ban sake buɗewa ba, na haɗa da sauran kaya na ba wani ɗan unguwarmu da zai koma gida ya kai wa Yayata.

Ranar da aka kai kayan sa rana ina ofis sai ga saƙon murya daga Yaya, minti bakwai. Duk wanda ya san Yayata ya san minti bakwai ba alheri ba ne. Ta ce an buɗe akwati a tsakar gida da hantsi, mata sun kewaye, ta ce ga zoben daimon karat 3 daga Dubai. Gwaggon yarinyar ta ce karat nawa? Ita a saninta gwal ɗin kirki daga 21 yake zuwa 22, na 18 ma da ƙyar take kallonsa, yanzu a ce mata 3. Sai da wata 'yar jami'a a cikinsu ta yi mata bayani cewa karat ɗin dutse nauyi ne, kowane ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram, ba tsaftar gwal ake nufi ba. Gwaggo ta yi lissafi ta ce au, wato duk abin bai kai giram ɗaya ba kenan. Wannan duk na iya shanye shi, har dariya na yi. Sai Yaya ta sauke murya ta ce, amma kai ɗan nan ba ka duba abin ba ne? Wai da Gwaggo ta ɗaga shi a rana sai ga wani baƙin abu ya gitta tsakiyar dutsen daga gefe zuwa gefe, kamar malam-buɗe-littafi baƙi ya buɗe fukafukai a ciki. Gwaggo ta ce ko ƙonewa ya yi a injin. A gaban dangi fa. Dama mutuniyar ta riga ta faɗa musu na lab ne don ni ban ɓoye mata ba, to sai maganar ta zama wai abin da ake samu kenan in an sayi na inji.

Aka turo min bidiyo. Na kalla ya fi sau ashirin a bayin ofis. Baƙin yana nan ɓaro-ɓaro, ana juya hannu yana nan, sama da ƙasan dutsen suna walƙiya tsakiyar kuma a mace. Daren nan ban yi barci ba ina ta karance-karance, nan na gane abin ma suna gare shi, botai suke ce masa, wato ɗan ƙullin wuyan nan na masu raba abinci a otal. Kusan duk dutse mai siffar ƙwai yana da shi ko yaya ne, wani ɗan kaɗan da ba ya damun ido, wani kuma irin nawa. Ba datti ba ne ba kuma ƙuna ba, yanka ne. In ba a daidaita kusurwoyin ƙasan dutsen ba, tsakiyar maimakon ta dawo maka da haske sai ta dawo maka da inuwar kanka kai mai kallo. Shi ya sa a shago da haske ke zuwa ta ko'ina ya ɓuya. Kuma ba ruwansa da na lab ko na ƙasa, wancan na dirhami 118,000 ma zai iya zama da shi, ban duba ba. Takardar kuwa ba ta ambaci botai ba ko a layi ɗaya, ashe ba ya cikin abin da ake rubutawa, GIA ma a dutse mai zagaye kawai take ba da makin yanka gaba ɗaya. Ni kuwa na tsaya ina haddace F da VS1 kamar mai shirin jarrabawa, abin da ido zai gani daga nesa na bar shi.

Da aka dawo min da zoben bayan sati uku na koma shagon da rana tsaka, na ce ya fito waje mu kalla tare. Ya ƙi fitowa. Ya ce duk mai siffar ƙwai haka yake, Alhaji. Na ce na sani, amma ka san wannan nasa ya yi yawa shi ya sa ka miƙo min shi da daddare. Ya nuna min ƙasan rasit inda aka rubuta canji cikin kwana bakwai da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Ran nan Hausar tasa ma ta ɓace, akwai sauƙin nan ban sake jin ta ba. Mun fi awa ɗaya, a ƙarshe ya yarda zai canza dutsen in cika dirhami 1,200 kuɗin aiki da bambanci. Wannan karon duwatsu shida na sa ya fito da su, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin ƙofa yaronsa na biye da ni kamar zan gudu, na kalla a rana, na kalla a inuwa, na miƙe hannu nesa na ɗauki bidiyo na tura Kano. Wanda muka zaɓa karat 2.8 ne, kala G, a takarda ya fi na farkon ƙasa ta kowane ɓangare, a ido kuwa ba a haɗa su. Botai ɗinsa sai ka neme shi.

To da a nan abin ya tsaya da na ce tauraro huɗu cikin biyar, na lab ya yi, a dai duba da rana. Kuma har yanzu in aka ajiye min biyun nan ba zan ɗauki na miliyan 48 ba, wannan kuɗin fili ne da katanga a bayan gari.

Amma akwai tambayar da Gwaggo ta yi wadda ta fi botai ɗin tsaya min a rai. Ta ce in ta ɓaci, nawa za a saya? Don ita abin da ta sani sarƙa da warwaro ajiya ne, ranar kuɗin makaranta ko asibiti a cire a kai wa masu gwal a dawo da kuɗi. Kafin a dawo min da zoben ashe ta aika an kai shi wajen mai gwal ɗinta a cikin gari. Mutumin ya ce zai cire dutsen ya ba su abinsu, gwal ɗin kawai zai ɗora a sikeli. Na ce ƙila rashin sani ne irin na gida, sai na yi wa mai shagon Deira wannan tambayar da bakina. Amsa ɗaya. Gwal giram huɗu da rabi na 18, wajen dirhami 1,600, dutsen na lab kuma ba sa saye, sai dai in zan ƙara kuɗi in ɗauki wani. Wato daga ƙofar shago zuwa titi kusan dirhami 8,000 sun bi iska. Na ce na ƙasan fa? Ya yi ta kame-kame, wai ya danganta da kasuwa, da na matsa ya ce in na samu rabin kuɗina in gode Allah. Rabin 118,000 kuwa asara ce da ta ninka duk kuɗin zobena sau shida, saboda haka ko nan ɗin ma ban ga inda na ƙasan ya fi ba, sai dai a baki.

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne farashin na lab ɗin kullum ƙasa yake yi. De Beers, babban kamfanin haƙar daimon, da kansu da suka buɗe Lightbox, reshensu na sayar da na lab, a 2018 suna sayar da karat ɗaya dala 800, a watan Mayun 2025 suka sanar za su rufe shi saboda yadda farashin ya zube. Satin da ya wuce na bi ta wani layi a kasuwar na ga irin dutsena sak, da zobensa, a kan dirhami 6,000 tun kafin ciniki. Shi kuma gwal a watan Oktoban 2025 ya haura dala 4,000 kowane oza. Da kuɗin nan warwaro na saya mata a watan Agusta da yanzu riba muke lissafawa, Hajiyarmu kuma ba ta ce min komai ba, ta dai tambaye ni farashin giram na yau sannan ta yi shiru, wanda ya fi faɗa ciwo.

Mutuniyar dai tana son zobenta, kullum yana hannu, ya yaga mata mayafi biyu don ƙafafun da suka riƙe dutsen sun yi tsini kuma dutsen ya yi tudu da yawa, dole ta cire in za ta yi wanke-wanke ko ta tuƙa tuwo. Wannan ma sai na koma an goge su, wani kuɗin tasi. Dutse na biyu na ba shi tauraro huɗu, shagon kuma ɗaya, shi ma don yaron da ya yi ta bina bakin ƙofa cikin zafin rana bai ɓata rai ba. Lefen da nake haɗawa yanzu saitin gwal na 21 na saka a ciki, kuma Gwaggo ta riga ta aiko a faɗa min giram nawa ne kafin a kawo.