Gejin man jirgin ruwa: wanne za ka saya, wanne za ka bar wa mai shago

Masu jiragen kaya da ke zirga-zirga tsakanin Bulanguwa da Darak, da masuntan Lagdo, kukansu ɗaya ne a kan geji: allura ta ce rabin tanki, inji kuma ya mutu a tsakiyar ruwa. Kafin ka kashe sefa ko ɗaya, duba wayar at, wato negatif. Tsatsa a bakin wannan waya ita ce ke sa allura rawa a mafi yawan lokuta, kuma kankarewa da ɗaurewa ne maganinta. In ka yi haka ba ta daina ba, to a zo maganar saye.

Gejin da ke kan murfin ƙaramin jan tanki, wanda ke zuwa da inji, ba ya buƙatar batir, amma kintace kawai yake yi. Fulot, wato abin da ke cikin tanki yana auna mai yana aika wa allura, mai dogon hannu irin na mota kuwa an yi shi ne don titi. A kan ruwa kowace igiya sai ta kaɗa hannun, wayar da yake gogawa ta cinye, allura ta riƙa tsalle. Ban ba ka shawararsa ba.

Nawa zaɓin shi ne fulot mai tsayayyen bututun ƙarfe marar tsatsa. Zobe ne mai maganaɗisu yake hawa da sauka a jikin bututun, ƙananan makunnai kuma suna rufe a ciki, fetur ba ya taɓa su. Babu abin da ke gogar wani, balle ya cinye. Ko man zuwa-zuwa na bakin hanya, da ruwansa da dattinsa, bai cika damunsa ba. Allura tana motsi mataki-mataki, amma ba ta firgita da kowace taguwa. Sharaɗinsa biyu: sai kana da batir mai bolt 12, kuma ba a yanke shi. Auna zurfin tankinka, ka sayi wanda ya gaza da santimita ɗaya ko biyu, kada ya taɓa gindi. Ramukan kusoshinsa biyar ba a jere suke daidai ba, ta fuska ɗaya kawai yake zama, don haka kada ka bari yaron makaniki ya huda maka sabo. A cire batir kafin a buɗe tanki, a kuma nisanta taba.

Sai maganar da masu shago ba sa so. Tsari biyu ne a kasuwa. Na Amurka yana ba da om (ma'aunin tirjiyar lantarki) 240 in tanki ya ƙare, 33 in ya cika. Na Turai yana farawa daga sifili ya hau zuwa 190. Ka haɗa fulot na wannan da agogon wancan, wato fuskar da allura ke kai, tanki cike allura tana nuna ya kusa ƙarewa. Kayan da ke shigowa Kusuri da Injamena kuwa a gauraye suke, daga Najeriya da Duwala da Dubai. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da fulot da agogo a kwali ɗaya, ya rantse tare aka ƙera su, ashe kowanne da tsarinsa, da na koma ya ce kaya sun riga sun bar shago.

Saboda haka ka je da mitar masu gyaran lantarki mai auna om. Ɗora ta a kan wayoyin fulot, ka ja zoben a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lamba ta riƙa canzawa kaɗan-kaɗan har ƙarshe. In ta yi tsalle uku ko huɗu kawai a dogon bututu, makunnan ciki sun yi kaɗan. In ta ɗauke a wani wuri, ajiye. Kada rubutun kwali ya ruɗe ka, buga shi ba wuya. Duba walda a wuyan bututu, ka kankara ƙarfen da makulli, don akwai baƙin ƙarfe da aka yi wa wanka da ƙyalli, damina ɗaya ya yi ja. Robar da ke toshe bakin ma, in ba mai jure fetur ba ce, kumbura take ta fara yoyo. Wanda ya hana ka gwaji a gabansa, ka yi masa sallama.

Mai kwale-kwalen da ke tada inji da igiya, ba batir, ya fere busasshiyar sanda. Ya zuba mai lita biyar-biyar jirgi na kan ruwa, yana yi mata tsaga a kowane mataki. Mai geji ma ya yi wannan awon ranar da ya ɗaura sabo, domin tankin da gindinsa ya tsuke, rabin tsawonsa ba rabin mai ba ne.