Ajin wasan kwaikwayo na hutu inda yara ke riƙe mazari da taɓarya

Akwai wasu malamai mata uku a cikin birnin Kano da ke karɓar yara lokacin dogon hutu, suna koya musu tarihin sana'o'in matan da ta hanyar wasan kwaikwayo. Harabar wata firamare mai zaman kanta suke ara, daga ƙarfe 9 na safe zuwa azahar, kuma 'yan shekara 7 zuwa 12 suke ɗauka, mata da maza. Na sa 'yata ta biyu da ɗan ƙanwata a hutun da ya wuce. Tun da aka tashi, iyayen unguwarmu ke tare ni suna tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, kodayake akwai wuraren da nake da magana, kuma zan faɗe su.

Duk wadda ta saba zuwa bikin ƙarshen shekara a makarantun yaranmu ta san abin da ake nunawa in an ce tarihin mata: Sarauniya Amina ta Zazzau da takobin kwali, wani lokaci Daurama da rijiyar Kusugu, a yi tafi a watse. Waɗannan malamai ba su bi ta nan ba. Babbarsu ta gaya mana ranar rajista cewa sarauniya ɗaya ce a gari, masu kaɗi da masu daka kuwa kowane gida akwai su, kuma su ne kakannin yaran da muka kawo. Wannan maganar ce ta sa na biya kuɗin ban yi ciniki ba.

Da auduga aka fara, kuma nan ne ajin ya fi ƙarfi. Sun ɗauko wata tsohuwa daga wani ƙauye ta wajen Kura, yara na ce mata Iya. Ta zo da taskirarta, da mazari mai gululu, da bakan shiɓa, da dutsen gurza da ɗan ƙarfensa, da ɗan ƙullin alli. A gaban yaran ta gurje audugar ta fitar da angurya, ta shiɓe ta har ta yi laushi, sannan ta murza mazari zare ya fara fitowa. Ba a ba yara takarda su haddace ba. Malama takan tsara musu gida ne kawai: ke ce uwargida, ke ce amarya, ke 'yar talla, ke dillaliya, kai ne masaƙi da ke jiran zare, gobe kasuwa ke ci. Sauran magana su za su ƙirƙira. Sharaɗi ɗaya ne, zaren da za a kai wa masaƙi sai wanda suka kaɗa da hannunsu.

Na tsaya ta taga ina kallo wata safiya. Zaren 'yata sai tsinkewa yake yi, idonta ya ciko.

“Iya, ya sake tsinkewa.”

“To 'yar nan, taɓa alli, ki sassauta hannu. Zare ba ya son fushi.”

Kafin a tashi ta samu abin da bai kai kamu biyu ba, wani wuri kauri kamar abawa, wani wuri siriri. Da muka dawo gida ta ɗauko tsohon gwadon kakarta, ta shimfiɗa shi a tsakar ɗaki tana bin zaren da yatsa, tana tambaya mata nawa ne suka kaɗa wannan. Shekara nawa gwadon nan yana gidan, ba ta taɓa yi masa kallo na biyu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya a nuna al'ada ba, sun bi zaren har kasuwa. Malamar ta ba su labarin Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa Timbuktu da Gat da Murzuk, har Tarabulus. Mu duka mun san karofin Ƙofar Mata, mun san baƙin rawanin Kura mai ƙyalli da Buzaye ke nema, mun san Kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. In ana ba da wannan labari, marina da masaƙa da fatake ake ambata, duk maza. Amma kowane zare da ya shiga waɗannan riguna ta tsakanin yatsun mace ya bi, a cikin gida, bayan ta gama tuwo. Yaran sun nuna haka a wasa ɗaya da ba zan manta ba: dillaliya ta zo ta karya farashi, matan gida suka haɗa baki suka ƙi sayarwa, masaƙi ya zauna hannu rabbana, marini ya zo yana faɗa, bafatake ya ce ayari ba zai jira ba. Ɗan ƙanwata ne masaƙin. Da bakinsa ya ce wa dillaliya ta koma ta ƙara musu kuɗi.

Ƙwallayen dabino suka mayar kuɗin wuri, an kuma koya musu cewa wuri 20,000 shi ne keso guda. 'Yata aka naɗa uwar adashi, tana karɓar zubi tana ba mai kwasa. A nan yara suka ga inda kuɗin kaɗi da na ƙuli-ƙuli da na daddawa ke tafiya: akuya, tasoshin jere na 'ya mace, gudunmawar biki. Suka kuma ji cewa abin da mace ta samu da sana'arta nata ne, miji ba ya taɓawa sai da yardarta. Ni mai ɗinki ce, ina cikin adashi biyu yanzu haka, kuma na ji daɗi ƙwarai da 'yata ta gane abin da nake yi ba sabon abu ba ne.

Mako na gaba aka koma tsakar gida. Sun kawo ƙananan turame da taɓare, da faifai da rariya da dutsen niƙa, aka bi damin gero tun daga sussuka, shiƙa, surfe, bakace, har niƙa da tankaɗe. Yaran da suka tashi suna ganin ana aika gero inji a dawo da gari cikin ɗan lokaci sun sha mamaki da suka ga hantsi ya yi ba su tara garin kunun mutum biyu ba. An koya musu lugude, an kuma bar su su tsara waƙar niƙa tasu, bayan an bayyana musu cewa a bakin dutse ne mace kan amayar da abin da ke cinta, ta yi habaici ga kishiya ko uwar miji ba tare da ta kama suna ba. Mazan sun so su noƙe, wai daka aikin mata ne. Malamar ba ta yi musu dogon wa'azi ba, ta ce duk wanda zai sha kunun sai ya riƙe taɓarya. Suka riƙe.

Na san akwai iyaye maza da ke jin kalmar wasan kwaikwayo su ɗaure fuska, suna tunanin rawa da waƙar fim. Babu wannan a ajin. 'Yan matan da hijabansu suke yi, kuma abin ya fi kusa da wasan 'yar tsana da tashen da muka yi muna yara in azumi ya kai goma. Kwaikwayo namu ne tun fil azal. A da matan fada ma suna da wasan gauta, inda suke kwaikwayon sarki da hakimansa.

Sun ware kwana biyu ga Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, kuma na yaba da yadda suka lissafa koyarwa cikin ayyukan mata. Ba su sa yarinya ɗaya ta zauna a kan buzu ana yi mata kirari ba. Jajis suka fito da su, wato matan da takan naɗa ta ba kowacce malfa da jan ƙyalle, su jagoranci 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta, tsofaffi da ƙananan 'yan mata, su haddace waƙoƙin karatu su koma su koya wa matan aure da ke gida. Yaran suka zagaya harabar makarantar a matsayin tafiyar ƙafa, ɗauke da ƙullin hatsi da zare na sadaka.

Inda nake da magana babba shi ne batun bayi. A duk wasannin, matan da ke aiki 'ya'ya ne, matan gida masu sana'arsu da kuɗinsu. Alhali a ƙarni na 19 kaso mai yawa na niƙa da ɗiban ruwa da itace da noman gandu a gidajen masu hali kuyangi ne ke yi, kuma kullen da wasu mata suka samu har suka zauna kaɗi a inuwa, akwai waɗanda suka ɗauke musu aikin rana. Turawa sun ci Kano a 1903, amma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa, ka ga ba wani nisa ba ne can. Na tayar wa babbar malamar da zancen. Ta ce: “Maman yara, muna tsoron kada a sa wata ta fito a baiwa, sunan ya bi ta har makaranta.” Uzurinta karɓaɓɓe ne, na san halin yara da tsokana. Amma ana iya malama da kanta ta hau wannan matsayi, ko a ba da shi a labari ga 'yan 11 da 12. A bar shi gaba ɗaya, an rage wa waɗancan mata haƙƙinsu karo na biyu.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Ungozoma da mai kitso a gurguje aka wuce su. Ginin tukwane bai samu ko yini ɗaya ba, sai dai aka nuna musu hoton Ladi Kwali a bayan naira 20. Rumfar da ake daka a ƙarƙashinta ba ta ishi yaran ba in rana ta take, sai a haɗa yaro da gorar ruwa babba. Ranar rufewa kuma an sa su sababbin atamfofi iri ɗaya don hoto, abin da bai dace da zamanin da ake nunawa ba. Da an roƙi iyaye, da an samu saƙi da gwado a akwatunan tsofaffi. Kuɗin ya ɗan ɗara na lesin wata guda, kuma har da kayan aiki a ciki, sai dai ba sa rage wa mai yara biyu ko uku, wanda ya kamata su duba.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 8 zai gaji da kaɗi, gara a jira ya ƙara girma. A sa musu tsofaffin kaya, don gari da baban rini ba sa barin tufa yadda suka same ta. Kafin a biya kuma a tambaya ko Iya za ta dawo a hutu mai zuwa, ko sun samo wata mai kaɗin gaske a madadinta, domin a cikin malaman uku babu wadda ta iya murza mazari.