Fatsa da ƙwaron gashi a kurmin Amazon: wane kogi ya cancanci kuɗinka?

Mai son kamun kifi da ƙwaron da aka ɗaura da gashin tsuntsu, in ya fara bincike a kan kurmin Kudancin Amurka, wurare uku zai yi ta cin karo da su: kogin Rewa a Guyana, kogin Marie a Brazil, da ƙoramun yankin Isiboro Sekure a Bolibiya. Ni Bolibiya ce tawa.

Ruwan ne ya saye ni. Ƙoramun Sekure da Pluma da Agua Negra daga gindin tsaunukan Andes suke gangarowa, kuma da rani ruwansu garau yake, har tsakuwar ƙasa kana ƙirgawa. Da ƙafa ake shiga, ruwa iya gwiwa, kana ganin kifin kafin ka jefa. Kifin kuwa dorado ne, mai launin zinariya da muƙamuƙi kamar tarko. Farautar garken wani kifi yake yi da ake kira sabalo. Sai ka ga ruwa ya yamutse a bakin gaɓa, ƙananan kifaye suna tsalle har kan yashi, nan za ka jefa ƙwaronka ka riƙa fizgo zare da sauri. In ya kama, sama yake tashi yana kaɗa kai, zaren yana ƙona maka yatsa. Mutanen Tsimane, masu ƙasar, su ke tuƙa kwalekwale, kuma har yau da kwari da baka suke harbin sabalo. Idonsu na riga naka ganin kifi nesa ba kusa ba. Sandar fatsa mai lambar ƙarfi 8 ko 9 ta isa, amma sai ka sa waya a bakin zaren, don haƙorinsa ba ya barin roba. Lokacin zuwa daga Yuni ne zuwa Oktoba, wato ranin can, ta birnin Santa Cruz, sannan ƙaramin jirgin sama.

Marie na da manyan kifin tukunare, amma wuni za ka yi a tsaye cikin jirgi kana jifa a baƙin ruwa har kafaɗa ta sage. Rewa kuma arapaima ne, kifin da kan kai kilo 200, sai dai zaman jira ne a tafki har ya leƙo shaƙar iska.

Abin da ya fi zaɓen kogi muhimmanci shi ne wanda za ka miƙa wa kuɗinka. Na taɓa biyan wani dillali kafin alƙalami saboda hotunan da ya turo mini da rangwamen da ya yi. Ashe ƙarshen lokaci ya sayar mini, damina ta riga ta sauka. Na tarar da kogi ya cika ya yi jawur da laka, kwana shida ban ga ko ɓawon kifi ba. Daga baya na gane hotunan ma na wani kogi ne dabam. Har yau abin na ci mini rai.

Saboda haka ka tambayi sunan ƙoramar da ainihin makon da za ka je, a rubuce. Ka tambayi me zai faru da kuɗinka in ruwa ya yi ambaliya. Waɗannan koguna duk a ƙasar 'yan asalin wurin suke, ba a shiga sai da yardarsu, don haka duk wanda ya kasa nuna maka takardar izini, ko ya ce "za mu daidaita a can", ka rabu da shi. Haka wanda ya yi maka alkawarin adadin kifi, ko ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum maimakon na kamfani. Ka nemi a haɗa ka da wanda ya je bara, ka ji daga bakinsa. Ka kuma tambayi ko akwai wayar tauraron ɗan'adam a sansanin, da yadda ake fitar da wanda ya ji rauni.

Jabun kaya ma sun yi yawa. Zaren da aka yi don ruwan sanyi laushi yake yi a zafin kurmi ya riƙa cukurkuɗewa, ƙugiya mai araha kuma dorado miƙar da ita yake yi. Allurar rigakafin shawara, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, katin kuma ya zauna tare da fasfo.