Gargaɗi Kan Mai Sayar da Kwandalolin Kanada a Bauchi

Jama'ar Bauchi, wani ɗan damfara yana yawo a Facebook da WhatsApp yana tallar kwandalolin tunawa da Jean Paul Riopelle, kuma ya raba ni da naira 480,000 a kan guda 6, kowace naira 80,000.

Kada wani ya ce ban bincika ba. Riopelle mai zane ne na gaske, an haife shi a Montreal a 1923, ya rasu a 2002, ya shahara da zanen launuka zalla wanda ba ya kwaikwayon siffar mutum ko abu, kuma Kanada ta buga kwandalar a 2023 domin cikarsa shekara 100 da haihuwa. Duk wannan na tabbatar kafin in tura ko sisi. Abin da ya ɓoye shi ne kwandalar dala 2 ce ta Kanada, ta cefane, an buga guda miliyan 3, miliyan 2 daga ciki masu launi.

Har yanzu ina jin muryarsa yana cewa, "Alhaji, tsakiyar nan zinariya ce, gefen kuma azurfa, don girmanka na rage maka." Maƙerin zinariya da na kai wa kwandalar a kasuwar Wunti bai ko goge ta ba, maganaɗisu kawai ya kara mata ta manne, domin gefen baƙin ƙarfe ne, tsakiyar kuma tagulla ce da aka gauraya. Kafin nan ma, ranar da ɗan damfarar ya nuna mini wata takarda mai hatimi a wayarsa, ya rantse cewa wani Alhaji daga Gombe yana jira da kuɗi a hannu. Mutumin da ya katse cinikinmu ya ce a fara yin sallar La'asar, wa zai zarge shi? Dala 12 gaba ɗaya, ita na saya naira 480,000, kuma kuɗin makarantar yara ne. Yanzu lambarsa a kashe take.

Rasit ɗin banki da hotunan hirarmu suna hannuna, zan wallafa su da zarar na kai ƙara wurin 'yan sanda. Duk wanda aka kawo wa wannan kwandala, ya kai ta wurin maƙeri kafin ya biya.