Gidan Yr Ysgwrn: kujerar da mai ita bai taɓa zama a kai ba

Jama'a ranar Asabar da ta wuce naje Yr Ysgwrn, wani tsohon gidan gona a kusa da ƙauyen Trawsfynydd a arewacin Wales, kuma wallahi har yau abin bai sake ni ba. Nan ne gidan su Hedd Wyn, makiyayin tumaki mai rubuta waƙa da harshen Welsh, sunansa na yanka Ellis Humphrey Evans, 1887 aka haife shi.

Hanyar ƙarshe siririya ce sosai, in kana tuƙi sai ka bi a hankali, ga tumaki ta ko'ina ga yayyafi, so ku tafi da rigar ruwa. Hukumar gandun daji na Eryri, yankin da gidan yake, ita ce ke kula da wurin tun 2012, sun gyara shi suka sake buɗewa a 2017, kuma abin da ya fi burge ni basu maida shi wani ƙyale-ƙyale ba, kicin ɗin yana nan da murhunsa da littattafai kamar masu gidan sun leƙa gona ne yanzu zasu dawo.

Matar da ta zagaya damu ta san aikinta, da Welsh take farawa sannan ta juya Turanci, ba ta yi mana gaggawa ba ko kaɗan. Ita ta bamu labarin yadda Hedd Wyn ya tafi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya don kar a ɗauki ƙaninsa, ya aika waƙarsa Yr Arwr gasar Eisteddfod, babbar gasar waƙa ta Wales da ake ba wanda ya ci kyautar kujera, da sunan ɓoye Fleur de Lis, sai aka kashe shi ranar 31 ga Yuli 1917 a Pilckem Ridge ƙasar Beljiyam yana ɗan shekara 30. Da Satumba tazo aka taru a garin Birkenhead na Ingila don gasar har da firaministan Birtaniya Lloyd George, aka kira sunan wanda ya ci sau uku ba wanda ya miƙe, nan ne aka sanar da mutane Hedd Wyn ne kuma ya rasu, aka lulluɓe kujerar da baƙin ƙyalle.

To ita wannan kujerar, Y Gadair Ddu wato Baƙar Kujera, tana cikin wani ɗan ɗaki a gidan. Na ga hotonta ba adadi amma ganin ido daban ne, sassaƙar kaɗai sai ka tsaya kana kallo, kuma wanda ya sassaƙa ta Eugeen Vanfleteren ɗan gudun hijira ne daga Beljiyam ɗin da shi mawaƙin ya je ya mutu. Nan fa jikina yayi sanyi, har na kasa ɗaga waya na ɗau hoto. Sauran kujerun da ya ci a ƙananan gasa suma suna gidan, ta farkon a garin Bala ya samo ta 1907.

Ɗan 'yar'uwarsa Gerald Williams shi ya shafe shekaru yana buɗe wa baƙi ƙofa, ya rasu 2021, har yanzu ma'aikatan da girmamawa suke ambatonsa.

Akwai wurin shan shayi a tsohon garken shanu, na sha da zafinsa da ɗan kek ina kallon tsaunuka. Ku duba shafinsu kafin ku kama hanya saboda lokutan buɗewa, sannan gidan ƙarami ne, mutum kaɗan-kaɗan ake shiga da su.