Sakin labari babi-babi ko a kammala tukuna?

Sabbin marubuta a nan Kaduna sun yi ta tambayata: su riƙa sakin labari babi-babi a WhatsApp, ko su adana sai sun gama?

Saki kullum maganin kasala ne. Ka makara kaɗan, saƙo ya shigo: "Malam, ina na yau?" Sai dai abin da ya fita ba ya gyaruwa. Na taɓa kashe jaruma a babi na 6, na zo ina nemanta a na 20. Ga masu kwafe labari su goge sunanka.

Adanawa na ba da damar gyara, amma akwai kaɗaici. Nawa ya yi wata huɗu cikin durowa ba mai tambaya.

Wanda ya san ƙarshen labarinsa, ya saki. Mai yawan sauya shawara, ya kammala tukuna.